Ranar da Kwamiti Ya Bi Motata a Keke

Shekarar da man fetur ya yi tsadar da mutane suka koma tafiya a ƙasa, ni direban bas ne a wani kamfani da gwamnati ta ba kwangilar ɗaukar jama'a kyauta. Hanyata daga Unguwar Sarki ce zuwa Rigachikun, in sauke, in juyo. Motar doguwa ce, fentinta sai ƙyalli, amma duk wanda ya taɓa shigarta ya san fentin ne kaɗai sabo. An ce an fitar da kuɗin gyaranta tun daga inji har rufi, har da na'urar sanyi. Na'urar tana nan kuwa, a maƙale bisa kaina, sai dai ban taɓa jin ko tarinta ba.

Wata safiya cikin damina manajanmu ya tare ni a bakin gareji. Mutum ne mai son turare, amma ranar gumi ya fi ƙarfin turaren.

"Malam, yau kwamiti zai zo," ya ce. "Mai zaman kansa ne, ba ya jin maganar kowa. Za su duba inda kuɗin gyara ya shiga, kuma motarka suka zaɓa."

"Yallaɓai, me zan ce musu?"

"Kada ka ce komai. Ka dai yi tuƙi kamar mai mota lafiyayya."

Ba a jima ba suka iso, su biyu. Shugaban wani tsohon alƙali ne da ya yi ritaya, dogo, siriri, da lema a hammata. Ɗayar wata Hajiya ce da ta daɗe tana shugabantar makarantar 'yan mata, irin waɗanda in sun kalle ka sai ka duba ko farcenka a yanke yake. Manaja ya kawo kujeru, suka ƙi zama. Ya kawo ruwan sanyi, suka ƙi sha. Alƙali ya yi bayani a natse cewa sun rantse ba za su karɓi komai daga hannun wanda suke bincika ba.

Manaja ya buɗe musu ƙofar motar da kansa. Alƙali ya sa ƙafa ɗaya a matakala, sai ya tsaya ya tambaye ni nawa ake biya.

"Kyauta ce, ranka ya daɗe."

Ya janye ƙafarsa kamar ya taka garwashi. Kyauta ai ita ce abin da suka rantse a kai. Hajiya ta ce to a karɓi kuɗinsu. Manaja ya ce haramun, dokar kwangila ta hana karɓar ko sisi daga fasinja, kuma ba zai karya doka a gaban kwamiti ba. Aka yi cirko-cirko, fasinjoji na ciki suna fifita da kwali. Daga ƙarshe alƙali ya yanke hukunci: za su yi shatar keke mai ƙafa uku, su bi motar a baya, su bincike ta daga waje.

Haka muka kama hanya. Duk inda na tsaya, keken ya tsaya, su fito su zagayo. A Kawo Hajiya ta ɗaga kai ta tambayi wata tsohuwa da ke gefen taga.

"Baba, akwai sanyi a ciki?"

Gumi na ɗiga daga haɓar tsohuwar. Ta ce, "Mun gode Allah, 'yar nan."

"Na'urar tana aiki?"

"Allah dai ya saka wa gwamnati."

Suka tambayi wani tela daga Rafin Guza da ke riƙe da kan keken ɗinki a cinya. Ya ce, "Ba laifi." Wani ya ce, "Da sauƙi." Wa zai kushe motar da ta ɗauke shi kyauta, a gaban baƙi kuma? Alƙali da Hajiya suka tsaya a bakin titi suna gardama. Shi yana ganin godiya ga Allah shaida ce ta gamsuwa. Ita tana cewa ta ji mutane sun gode wa Allah a asibiti da ƙafa a karye. Masu motoci a bayanmu suna ta danna oda, ni kuma ban isa in tashi in bar kwamiti ba.

Mun wuce Kawo da kaɗan injin ya fara shessheƙa. Na san halin motar, na lallaɓa ta, na yi mata addu'ar da na saba. Kafin mu shiga Rigachikun ta yi atishawa ta mutu a gefen wata gonar masara. Mazan ciki suka sauka don turi ba tare da an roƙe su ba, kowa ya san wurinsa. Alƙali ya naɗe hannun riga zai taya su, Hajiya ta tsayar da shi. Ta ce in an hana su karɓa, ai ba a ce su bayar ba, kuma idan motar ta tashi da turinsa, to ya zama yana cikin masu gyaran da ya zo bincika. Ya saki hannun rigarsa ya koma gefe yana ba mu ƙarfin gwiwa da baki.

Motar ba ta tashi ba. Hadari ya haɗo. Mai keken, wani Bazamfare marar son magana, ya dubi sama, ya ce shatarsa iyakarta inda bas ta tsaya, ga ta kuwa ta tsaya. Ya juya abinsa.

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Fasinjoji suka ruga cikin mota, kwamiti ya rage a waje ƙarƙashin lema ɗaya, iska tana neman ƙwace ta. Na leƙo na ce, "Baba alƙali, don Allah ku shigo."

"Ba za mu hau motarku ba, Malam direba."

"Ai ba tafiya take ba."

Ya dubi motar, ruwa na bin gemunsa. Sai ya juya ga Hajiya ya ce abin da ba ya motsi ba za a kira shi abin hawa ba, wannan a shari'ance rumfa ce, kuma fakewa a rumfa ba kyauta ba ce. Hajiya ba ta jira ƙarshen hukuncin ba, ta riga ta shige.

Nan suka ga abin da suka zo nema. Rufin yana yoyo ta ko'ina, fasinjoji suna gusawa cikin gwaninta zuwa inda ba ya zuba. Alƙali ya zauna a wata kujera, ta kwanta da shi a hankali har ya koma kallon sama. Daga nan kwance ya hango na'urar sanyin. Ya tashi ya buɗe murfinta da bakin lemarsa. Ba komai a ciki sai sheƙar tsuntsu da ƙwai. Tsohuwar nan ta taga ta ce, "Ku bi a hankali, uwar tana dawowa da la'asar."

Ban san abin da suka rubuta ba. Na dai san an canza manajanmu, an like rufin, an saka mana inji mai ɗan dama. Na'urar kuma aka cire ta gaba ɗaya, aka bar rami, wanda a gaskiya ya fi ta kawo iska.

Bayan kaka sai ga sammaci. An kafa wani kwamitin, shi ma mai zaman kansa, don ya binciki yadda kwamitin farko ya kashe kuɗin jama'a wajen shatar keke, kuma ni ne shaida. Na sa kaftanina na Juma'a na je. Wani mai gilashi ya tambaye ni ko na ga keken da idona yana bin motata a kan hanya.

Na ce na gan shi duk inda muka tsaya, amma muna cikin tafiya ban gan shi ba.

"Ba ka duba madubi?"

Na ce madubin yana cikin kayan da aka ce an saya.

Suka dubi juna. Mai gilashin ya ce wannan ba huruminsu ba ne, su keke aka ba su. Aka sallame ni, na fito na tarar an fara kiran azahar.