Na Aika Neman Mai Haƙa, Allah Ya Kawo Mini Lauratu

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Alhamis, ashirin ga watan Safar 1447, daidai da 14 ga Agusta 2025, Allah Ya karɓi ran Lauratu Barau a asibiti a Gumel, bayan jinyar kwana huɗu. Ciwon sikila ne, wanda ta daɗe tana fama da shi ba ta bari an gani a fuskarta ba. Shekararta ashirin da tara. Ta bar mijinta Dalhatu, da 'yarsu Jannatu, da mahaifinta Malam Barau, mai haƙar rijiya a Gagarawa Tasha. Ta kuma bar ni, Zinariya ta Ɗanzomo. Ban haifi uwarta ba, ban haifi ubanta ba, amma ta kira ni Kaka har na manta aro ce.

Lauratu, akwai sirrina da kika riƙe har kika shiga ƙasa da shi. Yau ni zan tona kaina, don in ban faɗa ba, ba za a san ko ke wace ce ba.

Bara da bazara wani ya kira ni a waya, murya cike da ladabi, Hajiya sama Hajiya ƙasa. Ya ce za a saka ni a zauren mata masu karatun Alƙur'ani, in karanto masa lambobi shida da suka shigo mini. Na karanto, har da maimaitawa don kada bawan Allah ya yi kuskure. Kafin la'asar, Watsaf ɗina ya bar hannuna ya koma nasa.

Da sunana da hotona ya riƙa bin matan da ke cikin wayata yana roƙon tasu lambar. Wadda ta ƙi, sai ya zage ta tas, ya haɗa da 'ya'yanta mata, da kalmomin da ko a tasha ba a faɗa. Abin da ya ƙona mini rai shi ne kowa ya yarda ni ce. Shekara saba'in ina tsokanar mutane, daga amarya har liman, sai aka ce ai mai hali ba ya fasa halinsa, tsufa ne ya cire mata birki. Tayyiba, maƙwabciyata ta shekara arba'in, ta daina amsa sallamata. Na je wani suna, ina zama mata suka janye jiki, tabarma ta yi mini faɗi. Na dawo gida ban sake fita ba, kwana ashirin da uku. Ƙofa a buɗe take, ba wanda ya sa mini kwaɗo, amma ko zaure ba na iya leƙawa. Wani yana yawo da bakina a gari, ni ina ɗaki ba baki.

Jikana Abdulbaƙi, maigidan nawa da ya gudu Kano ya bar ni ba cefane, shi na kira da wayar ƙanwarsa. Layi yana yankewa, abin da na tsinta kawai shi ne, “Kaka, sai dai a nemo haka, amma na kirki.” Ni kuwa haƙa na ji. Na ce a raina dama na zargi haka, binne aka yi mini a ƙofar gida, shi ne ya ɓullo ta cikin waya. Na sa aka samo mini lambar wanda ya fi kowa iya haƙa daga nan har Maigatari, wato mahaifinki.

Kunnen Malam Barau ya yi nauyi, ke kike ɗaukar masa kira in kina gida. Na zayyana miki komai, na ce a zo da diga mai kyau. Ba ki yi dariya ba. Tambaya uku kika yi mini, kika ce gobe kuna tafe. Washegari ga shi da diga da shebur, ga ki a bayansa da baƙar jaka, ga kawunan mata sun jeru a kan katanga. Kika duƙa kika yi wa babanki magana a kunne, ya fara sara ƙasa a tsakar gida, ke kuma kika ja ni ɗaki kika saki labule.

A nan kika gaya mini haka kalmar Turawa ce, mai kutse suke nufi, wanda ya san hanyar shiga waya da kwamfuta. Kika ce iri biyu ne. Akwai mai haura katanga ya yi sata, akwai wanda maigida yake kira da kansa ya ce gwada haura tawa, ka nuna mini inda ta yi gajarta in ƙara. Wannan na biyun shi ne aikinki, shi kika karanta, makarantu da ofisoshi a Gumel da Maigatari suna kiranki ki gwada musu nasu. Na ce ashe 'yar mai haƙa ita ce hakar. Sai a lokacin kika yi dariya, kin toshe baki da mayafi don kada a ji a waje.

Ba ki taɓa wayata ba sai da kika rubuta takarda cewa ni na ba ki izini, na sa hannu. Kika kori ɓarawon a ranar, amma ya riga ya sa nasa makullin, sai an jira kwana bakwai kafin in koma ciki. Ramin kuwa, da kika dawo ran na bakwai, kin taho da dashen lemun tsami kika sa a ciki. Har yau mutanen unguwa sun ɗauka Zinariya ce mai son girma, ta ɗauko gwanin rijiya daga Gagarawa Tasha don ya dasa mata itace ɗaya.

Kika ce in zaɓi lambar sirri ta kaina, kika juya fuska bango har na gama dannawa. Sannan kika bi matan da aka kwashe musu nasu ɗaya bayan ɗaya. Ranar Asabar kika tsaya a Islamiyyar mata, ga ki 'yar siririya, kika nuna musu saƙonnin zagin, kika ce, “Iyayena, duk wannan rubutu ne. Yaushe kuka taɓa ganin Kaka ta rubuta abin da za ta iya faɗa da baki?” Sai Tayyiba ta fashe da dariya har da hawaye. Da yamma ta aiko mini da danwake. Ranar na fita har bakin titi, ba don ina da wurin zuwa ba.

Ban fasa halina ba. Na taɓa jan ki gefe na ce tunda kin iya, ki ɗan leƙa mini wayar Tayyiba in ji me ta faɗa a kaina kwanakin nan. Kika ce, “Kaka, ni ba na shiga gida sai na yi sallama an amsa.” Na ce rowar ilimi ce. Kika ce na ji, a rubuta a haka.

Sai kuma jarrabawa. Kin ce katangata ba a waya take da gajarta ba, a kunnena take, duk mai daɗin baki zai haura. Don haka, da yardata, kike sa Dalhatu ya kira ni da baƙuwar lamba. Karon farko ya ce daga kamfanin waya ne, za a rufe mini layi. Na karanto masa lambobin tsaf. Minti biyu sai ga kiranki, “Kaka, kin faɗi.” Karo na biyu ya ce na samu kujerar Makka. Na ba da uku kafin na ankara, kika ce rabin faɗuwa ma faɗuwa ce. Kika kafa mini doka: duk baƙuwar lambar da ta zo da labari mai tayar da hankali, in kashe, in jira ki kira da taki. Karo na uku na gane muryarsa tun daga sallama, na tambaye shi ko an biya shi ladan ƙaryar. Kika kira kina murna kamar ni na haife ki.

Ban san kina asibiti ba, kin hana a gaya mini. Ranar Alhamis ɗin nan da hantsi, baƙuwar lamba ta shigo. Muryar Dalhatu ce, ashe tasa wayar ce ta mutu ya ari ta wani. Ya ce, “Kaka, Lauratu ta rasu.”

Na yi dariya. Allah Ya gani, dariya na yi. Na ce, “Dalhatu, ka gaya wa matarka wannan karon ta yi nisa, kuma ko lamba ɗaya ba zan bayar ba.” Na kashe.

Na ɗauki kujera na zauna a gindin lemun, waya a cinya, ina shirya irin tsiyar da zan yi miki in kin kira. Baƙuwar lambar ta sake shigowa sau biyu, na ƙi ɗauka, ina jin daɗin kaina. Aka yi azahar. Aka yi la'asar. Sai Tayyiba ta shigo da mayafi, ta zauna kusa da ni a ƙasa, ta yi mini ta'aziyya. Lokacin an riga an kai ki.

Dalhatu ya ce ya yafe, ya ce ke ma da kin ji da kin ce na yi daidai. Na gode masa, amma dariyar nan ta ƙi fita daga kunnena. Wancan karon ke kika buɗe mini ƙofa na fita. Wannan ɗakin da na shiga tun ranar Alhamis, ban san wa zan aika a kira ba. Wayar tana tambayata lambar sirri lokaci zuwa lokaci, ina dannawa, ban gaya wa kowa ba. In ta yi ƙara kuma, sai na duba ko sunanki ne. Na ci jarrabawar, Lauratu. Ke ce ba ki kira ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Barau, da Dalhatu, da dangi na Gagarawa Tasha da Gumel, da matan Ɗanzomo da ta mayar wa da mutuncinsu. Allah Ya ba ku haƙuri da juriya. Allah Ya raya Jannatu, Ya albarkace ta. Lemun ya fara fure, 'ya'yan farko nata ne.

Ya Allah Ka jiƙan Lauratu, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Yadda ta rufa mini asiri, Ka rufa mata nata. Baiwarka ce da ba ta taɓa shiga inda ba a yi mata izini ba. In ta iso ƙofar Aljanna ta yi sallama, Ka sa a amsa mata, a ce shigo da aminci. Amin.