Watannin da Na Yi Ina Cewa Da Sauƙi

Na san na ɓace muku. Wasu sun ce aure na yi, wasu sun ce Turai na tafi. Ko ɗaya babu. Ciwon damuwa ne ya kwantar da ni a gidanmu na Zango.

Abin dariyar, a waccan shekarar memuwar ɗina, wato kundin binciken gama jami'a, a kan wannan ciwon nake rubuta shi. Aikina in tattara binciken da aka yi kan maganin damuwa ga matasa, in auna wanne ke da hujja, wanne surutu ne kawai. Alamomin duk na haddace. Da suka zo kaina, barci ya ƙaurace, tuwo ya koma ƙasa a bakina, wanka ya zama aiki, sai na ce palu ne, zazzaɓin cizon sauro.

A gida ma kowa palu ya ce. Aka ɗibi jini, ba a ga komai ba. Aka sake ɗiba don taifot. Aka sa mini serom, wato ƙarin ruwa. Baba ya yi ta biyan ordonans, takardun sayen magani, daga cinikin shagonsa na yadi.

'Yan dubiya ba su yanke ba. "Ya jiki?" "Da sauƙi." Haka aka koya mana, ko mutum na hango kabarinsa. Na faɗa wa gwaggonnina, na faɗa wa likitoci, alhali a raina na fara tunanin gidan zai huta in babu ni. Wannan tunanin ya tsorata ni ƙwarai.

Wata likita ce, dattijuwa, ta ajiye biro ta ce, "Madmazel, gaisuwa mun gama. Yanzu tambayarki nake. Ya jiki?"

Na yi kuka har Baba ya leƙo daga baranda.

Ta tura ni wajen likitan ƙwaƙwalwa. Magani, da zaman magana duk Alhamis. Na karanta cewa maganin kan ɗauki makonni kafin ya fara aiki. Karantawar ta fi jiran daɗi.

Alhamis ce babbar ranar kasuwa, amma Baba ya riƙa rufe shago ya goya ni a bayan tsohon motonsa. Maƙwabta suka tambaya, ya ce haƙori ke damuna. Ba a taɓa haƙori mai daɗewa irin nawa a Damagaram ba.

In muna dawowa sai ya ce, "Uwata, ya jiki?"

"Da sauƙi, Baba."

Sai ya rage gudu. "To, na ji ta mutane. Yanzu ba ni tawa."

Na warke, na gama memuwar. Baba ya rasu bara. Ban taɓa zaton zan yi kewar jinya ba, amma ina kewar Alhamis ɗin nan, da ƙamshin sabon yadi a bayan rigarsa.

Na gode wa Allah, na gode wa likitocina, da Inna da ba ta gaji da dama mini kunu ba.

In gwajin jini ya fito lafiya, matashin gidanku kuma bai tashi ba, ku kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa. Kada ya yanke magani sai da izinin likita. In kuma ya ce muku da sauƙi, ku rage gudu, ku sake tambaya.