Kafaɗar da kwamfuta ta sa wa ja

Shekarar da aka ba mu motar ɗaukar hoton ƙirji, ni ce mai tsayar da mutane gaban na'ura. Aikinmu neman masu tarin fuka a ƙauyukan Abuja. A cikin motar akwai kwamfuta da aka ce an nuna mata hotunan huhu masu ɗimbin yawa har ta koyi gane ciwo da kanta. In ta ga abin da bai kwanta mata ba, sai ta shafa ja a wurin, mu kuma mu karɓi kakin mutum a kai gwaji. Ni dai abin ya tsaya min a rai. Wai ƙarfe ya koyi karatun huhu!

A Yangoji ta fara ba mu kunya. Mata suna shiga, ja yana fitowa, kusan duk a saman ƙirji ta dama, gwajin kaki kuma ya dawo lafiya lau. Ogana ya ce kwamfutar ta haukace. Ni kuwa son sani ya hana ni sakat, don mahaukaci ba ya nuna wuri ɗaya kullum.

Ina cin masara a bakin mota wata rana sai ga mata sun dawo daga gona. Matan Gbagyi ba sa ɗora kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka, galibi ta dama, tun suna yara. Itace, doya, ruwa, duk a nan. Na tashi na taɓa kafaɗar wata tsohuwa, na ji ta yi kanta, ta yi tauri kamar taɓarya. Na ce a raina, ashe abin da kwamfutar ke gani ke nan. Waɗanda ta koya da hotunansu ba su taɓa ɗaukar doya ba.

Wallahi na ji daɗin kaina, har na fara yi wa kwamfutar ba'a. Daga nan in ja ya fito a sama ta dama, sai mu yi dariya mu ce kafaɗa ce.

Da muka je Orozo, wata mai sayar da itace ta shigo, siririya, goye da jikarta. Ja ya fito a wurin da muka saba. Layi ya yi tsawo, robobin kaki sun kusa ƙarewa, na ce ta tafi abinta.

"Mama, ba komai, kafaɗarki ce. Kaya ne ya yi miki yawa."

Ta gyara goyo, ta dube ni.

"'Yata, ni da hagu nake ɗauka."

Nan take na ce ta dawo ciki. Na karɓi kakinta, kuma gwaji ya nuna tarin fuka ne. Ta sha maganinta ta warke, aka duba jikar ma. Har yau in na tuna ta riga ta sa ƙafa ɗaya a waje, kunya nake ji.