Ranar da ɗalibaina suka tsawata wa ansifekta

Ku da kuka fara aiki bana, bari in ba ku labarin wata Talata da har yau ban manta da ita ba. Lokacin ina malamar kwantiragi a wata lakwal, wato makarantar firamare, ta ƙauye kusa da Gouna, ina riƙe da aji biyu. Malamin kwantiragi kuwa, rahoton ansifekta, mai duba malamai, shi ke sa a tabbatar da shi ko a sallame shi.

An kawo mana wani littafi mai hotuna a kan cin zali. A ciki wani ƙaton yaro ya fizge kayan ƙarami, sauran yara suka miƙe suka ce masa ya daina. Mako biyu muna maimaita wannan shafi, har suka iya miƙewa tare kamar sojoji.

Ranar da ansifekta ya zo duba ni, dirakta, shugaban makarantarmu, ya rako shi ajina. Ansifekta Babarbare ne, ƙato. Dirakta Bafulatani, ɗan siriri. Kun san wasan da ke tsakaninsu. Tun daga bakin ƙofa ansifekta ya fizge hular dirakta, ya kira shi bawansa, ya ce yunwa ta kusa gamawa da shi.

Sai ajin ya miƙe gaba ɗaya.

"Ka daina cin zali! Mayar masa da hularsa!"

Na ce shi ke nan, in tafi in tattara kayana. Na fara bayani ina in'ina cewa wasa ne, sai wata Zeinabu ta katse ni, ta ce ai ƙaton cikin littafi ma cewa ya yi wasa yake.

Ansifekta ya tambayi wa ya koya musu haka. Duk suka nuna ni, ja'irai, ko ɗaya bai rufa mini asiri ba. Ya karɓi littafin ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙa wa dirakta hularsa da hannu biyu, ya ba shi haƙuri. Dirakta ya ce bai ji ba, a maimaita.

Da zai tafi ya ce mini: "Madam, rahotonki mai kyau ne. Amma kin sa na ba Bafulatani haƙuri sau biyu, wannan ban yafe ba."

Aka tabbatar da ni. Tun ranar, kafin in koyar da darasi sai na tambayi kaina ko manya za su iya ɗaukarsa, domin yaro bai san akwai wanda darasi ya tsallake ba.