Hoton da Muka Ɗauka a Bakin Kwantena

Benci ɗaya muka zauna da shi a lakwal, wato makarantar bokon ƙauyenmu, can cikin Nijar. Ni gyangyaɗi nake yi, shi kuwa Faransanci ya zauna masa a baki tun muna yawo ba takalmi. Shi ke karanta wa tsofaffi takardar asibiti. Ya yi malamin makaranta, ya yi kansila, kafin furfura ko ɗaya ta fito masa sai ga shi ɗan majalisa. Ni kuma neman abinci ya jefo ni Dubai, ina lodin kaya a wani sito a Al Ras.

A gida na bar yayana da lambun albasa da wani tsohon injin ban-ruwa mai tari kamar ɗan taba. Lambun nan shi ke ci da gidanmu duka, kuma in ba injin ba lambu.

Ranar da ɗan majalisar ya zo Dubai ya neme ni, har riga na goge. Ya iso sito da hantsi cikin kwat, yana ta ƙamshi. Na gaishe shi da Hausa, ya amsa mini da Faransanci, sai ka ce ba tare muka saci gyaɗa a gonar liman ba. Na haɗiye.

A bakin sito akwai kwantena a buɗe, muna cika ta da injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana, kayan wani alhaji ɗan Kano. Ya tsaya ya ƙura musu ido. Sai ya tuɓe kwat, ya naɗe hannun riga, ya dafa kwali ɗaya. A nan Hausarsa ta dawo.

"Zo ka tsaya kusa da ni, mutanen gida su gan ka."

"Onorabul, kayan nan fa ba namu ba ne."

"Hoto ne kawai, mon frère. Yalla."

Na tsaya, har da murmushina, direbansa ya ɗauka. Ko kwali ɗaya bai ɗaga ba, amma sai da ya nemi ruwa ya wanke hannu.

Kafin la'asar hoton ya shiga wayoyin 'yan garinmu tare da muryarsa: injinan manomanmu suna hanya, da kansa ya zo ganin lodinsu. Addu'a ta yi ta zuba. Ina zaune a ɗakinmu na Hor Al Anz ina saurare. Na rubuta cewa ƙarya ce, na goge. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin yadda ake cewa ɗan gidan wane ya zama mutum, ga shi kafaɗa da kafaɗa da manya. Na lallashi kaina cewa ai kowa ya san alkawarin ɗan siyasa, romon baka ne, ba mai ɗora tukunya a kansa. Kwantena ta tafi Kano wurin mai ita, shi kuma ya buga hoton a manyan takardu aka manna a shagunan garinmu.

Bayan 'yan watanni na kira yayana wata Juma'a da muka sauko daga masallaci.

"Yaya, ya albasa?"

"Ta ƙone."

Ashe tun satin hoton ya sayar da tsohon injin, ya sayi sabon tiyo, ya ninka dashe, yana jiran mai hasken rana. Da shiru ya yi yawa, shi da matarsa suka koma jan guga har tafin hannunsu ya sale, ruwan bai kai ko rabin lambu ba.

Haushi ya turnuƙe ni, na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba.

"Haba Yaya, ka sayar da inji a kan maganar wannan mutumin? Kai da ka san shi tun yana tsumma?"

Shi kuwa bai ɗaga tasa muryar ba.

"Ni ban taɓa yarda da maganarsa ba, ƙanena," in ji shi. "Kai na gani a tsaye kusa da kayan, kana murmushi."