Layi Ɗaya a Fiffiken Ƙwaro

Shekara ashirin da bakwai kawuna ya yi yana tsokalar dutse da allura, kuma har yau ba wanda ya gane kan aikinsa a gidanmu. A ɗakin bincike yake zama gaban madubin ƙara girma, yana kankare ƙwarin da suka mutu tun shekaru miliyoyi suka bar siffarsu a jikin dutse. Wanda ya fi so yana da fiffike huɗu, namijinsa kuma yana ɗage wutsiya kamar kunama.

"To ƙuda ne ko kunama?" in ji kakarmu.

"Ba ko ɗaya, Inna."

"Yana harbi?"

"Ya mutu, Inna."

"To me kake nema a wurinsa?"

Sai Kawu ya sosa ƙeya.

Ana nan, Farfesan da yake wa aiki ya ƙirga jijiyoyin wani fiffike da Kawu ya kankare, ya ga guda ɗaya ta ƙaru. Ya ce sabon jinsi ne, kuma sunan Kawu zai sa masa. Matar Kawu ta rataye hoton fiffiken a falo. Inna ta ce ita dai ba ta taɓa jin an yi wa mutum takwara da ƙwaro ba, amma Allah ya raya.

Daga ranar Kawu ya daina cin abinci sosai. Na matsa masa, ya ce, "Ran da na kankare fiffiken nan ina mura. Na yi atishawa da allura a hannu. Ban san ko jijiya ce ba, ko ni na ja ta."

Na ce ya yi shiru mana, wa ya gani? Tausayinsa ya kama ni, don ba a taɓa kiran sunansa a ko'ina ba.

Sati biyu yana kallon dutsen. Yau jijiya, gobe karce. Ƙarshe ya je ya faɗa wa Farfesa da bakinsa. Aka duba da babbar na'ura. Karce ne. Aka janye sunan.

Inna ta rasa gane ko ƙwaron ne ya sake mutuwa. Matar Kawu ta tashi za ta sauke hoton, ya riƙe hannunta.

"Bar shi," in ji shi. "Shekara ashirin da bakwai ina fito da aikin Allah. Layin nan kaɗai ne nawa."

Sannan ya ce a zubo masa abinci.