"Da Sauƙi" da Ya Shiga Fayil ɗin Hamma Bakari

Shekara goma ke nan cif da rasuwar aminina Hamma Bakari, tela a tsohon garin Yola. Ni direba ne. Na ci tuwon Garwa, na sha zafin Njamena, amma duk inda na dawo, bencin shagonsa nake fara sauka kafin gidana. Nakan ce masa Bafulatanin da ko kada ta kama ƙafarsa a tafkin Njuwa, sai ya tambaye ta lafiyar iyali. Sai ya ce, "Kai kuma Bahaushe, ƙaya ta soke ka, sai Legas ta ji."

A lokacin da 'yan gudun hijira suka cika Yola da Jimeta aka yi masa aikin ƙaba. Asibitin ya cika, har a baranda ana kwanciya. Kullum likita ya zo ya ce, "Baba, ya jiki?" Hamma ya ce, "Da sauƙi." Jikin nan kuwa zafi kamar murhu. Kwana uku aka sallame shi, ana neman gado. Wurin ɗinkin ya ruɓe daga ciki. Ina hanya labarin rasuwarsa ya same ni.

Dangi suka ce ƙaddara, na ce haka ne. Matarsa Adda Dudu kaɗai take tambayata, "Ni ce ban kula da shi ba a gida?" Sai in ja mota in gudu.

Sai bara na nemo kwafin fayil ɗinsa, na kai wa Barista Rifkatu, 'yar maƙwabcina a Jimeta. Ta ce ba kowace mutuwa a asibiti ce sakaci ba. Sai an nuna likita ya karɓi mara lafiya a hannunsa, ya kasa yin abin da ɗan'uwansa mai kula zai yi, kuma wannan gazawar ce ta jawo cutar. Sannan wani likitan ya yarda ya shaida hakan. Ta buɗa takardun. An rubuta mara lafiya ya ce ya samu sauƙi, sau uku. Gurbin awon zafin jiki kuwa fari fat.

"Kawu, gaisuwa suka rubuta, ba su auna shi ba. Da ka zo da wuri, akwai magana. Ƙara tana da wa'adi, naku ya wuce tun tuni."

Da Hamma yana nan, na san zai ce in ƙyale yaron likitan nan, shi ɗaya ne a kan mutum ba iyaka. Ni ma ban riƙe shi a zuciya ba. Kaina nake tuhuma, da na yi shekara tara ina yawo.

Na je Damare wajen Adda, inda take zaune da 'yarta. Na faɗa mata abin da fayil ɗin ya nuna, da cewa kotu ba za ta saurare mu ba. Ba ta ma ji maganar kotun ba. Ta ce, "To tun a can ne ciwon? Ba a hannuna ba?" Na ce ba a hannunki ba, Adda, a rubuce yake. Sai ta tashi ta ɗora mini shayi.

Abin da ya rage mini na Hamma ke nan: riguna huɗu da ya ɗinka mini, duk sun matse ni yanzu, da tsokana cike da bakina, ba wanda zai rama. Allah Ya jiƙanka, Bafulatanina.